Kalman Dubner da Hawayen Likitar Haƙori

Kalman Dubner mai guga ne, a wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin mai kifin gishiri da mai gyaran takalma a Midwood, cikin Brooklyn. Shekara hamsin da 'yan kai yana tsaye cikin tururi, har fatar fuskarsa ta yi laushi kamar ta jariri, sauran jikin kuwa ya tsufa ya bar ta a baya. Amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ce maka guga ba. Sai ya zare ƙwayar sukarin da ke tsakanin haƙoransa, ya ajiye kofin shayi, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Amare nake sa kuka."

Gado ya yi. Ubansa badhan ne, wato maroƙin biki, a wani ƙaramin gari na Galisiya, can gabashin Turai, wanda yaƙi ya share har da maƙabartarsa. Uban ya sauka New York da kwat ɗaya, da mace ɗaya, da Kalman a hannu, da waƙoƙi cike da kai. Aikin badhan hawa biyu ne. Kafin a kai amarya ƙarƙashin rumfar ɗaurin aure, sai a zaunar da ita a kujera, mata su kewaye ta, shi kuma ya tsaya a gabanta yana rera baitoci da Yidish, harshen Yahudawan Turai, goge na bin sa a hankali. Ya tuna mata ƙuruciyar da ta wuce, ya gayyato mata mamatan gidansu ɗaya bayan ɗaya su zo biki, har sai ta zubar da hawaye. In ta yi kukan, zuciya ta wanku, sai ya juya kan jama'a ya yi ta zolayarsu har su riƙe ciki. Kalman yakan ce amaryar da ta shiga rumfa da busasshen ido kamar rigar da aka goge ne ba a yayyafa mata ruwa ba. Za ta kwanta, amma ba za ta kai yamma ba.

Akwai zamanin da babu mai neman sa. Mutane suka koma bikin faifai da lasifika, shi kuma ya yi ta guga, yana rera wa wanduna baitocin ubansa. Matarsa Hinde ce kaɗai mai sauraro, ita ma tana yi tana yankan albasa, don haka bai taɓa sanin wanda ke sa ta hawaye tsakanin su biyu ba. Da ta rasu, sai ya zama ko wannan shakkar ba shi da ita.

Ana nan sai Shifra, jikar yayarsa, ta girma ta zama gwanar goge, ta haɗa ƙungiyar makaɗa ta sa mata suna Miyar Jiya, wai don ita ta fi daɗi in an ɗumama. Tsofaffin kiɗan bikin Yahudawa, waɗanda ake kira kilezma, su ta kwaso ta ɗora a kan gangunan Nestor, wani ƙaton ɗan Dominika mai dariyar tsawa, ta ƙara da algaitar Turawa, da jita mai lantarki, da kwamfuta. Ran da Kalman ya fara jin su sai ya ce kamar an jefa ubansa cikin injin wanki ne. Amma ƙafarsa ta dama ta ci amanarsa, tana ta bugun ƙasa a ƙarƙashin tebur, Shifra kuwa ta gani. Haka ya shiga ƙungiyar yana da shekara saba'in da biyu, da sharaɗi ɗaya daga gare ta: kowane baiti ya rera da Yidish, ya maimaita shi da Turanci, don yaran yanzu su san abin da ake sa su kuka a kai.

Shekara shida abin na tafiya. Sai amare suka fara ƙafewa.

Ta watan Maris ta ɗaga wayarta tana ɗaukar sa hoto tun daga baitin farko har na ƙarshe, tana murmushi. Ta watan Mayu cingam take tauna. Ta watan Yuni ta yi hawaye, Kalman ya yi ta shela, daga baya aka gano furannin da ta riƙe ne ba sa shiri da hancinta.

Wata Talata da la'asar, suna gwaji a ɗakin ƙasa na gidan Shifra, sai Nestor ya danna wani maɓalli. Daga lasifika wata doguwar ajiyar zuciya ta fito, ta tsoho, mai nauyin shekaru, ta ƙare da "oy". Ta sake fitowa. Ta sake, daidai kan bugun ganga.

Kalman ya waiga. "Wane ne wannan?"

"Kai ne, Tsoho," in ji Shifra.

"Ni ga ni tsaye, bakina a rufe."

"Shi ya sa na fi son wancan. Ba ya gardama, ba ya neman shayi."

"Ja'ira! Kin sace mini numfashi kin zuba a akwati? Nestor, har da kai? Ni da na koya maka zagi da Yidish kyauta?"

"Baba Kalman, ni yatsa kawai na ba da aro," in ji Nestor, yana ɓoye fuska bayan ganga.

Shifra ta sauke gogenta a cinya. Wasan ya ɗan janye daga fuskarta. "Kaka, saurara. Minti goma sha biyar kake ci a kowane biki, mutane na tsaye da yunwa suna duba agogo. Masu biki sun fara tambaya ko za a iya tsallake wajen. Ran Lahadi ta sama muna da bikin gidan Lipkin. In amaryar ta yi kuka, zaunar da amarya na nan, kai ma kana nan. In ba ta yi ba, mun cire shi. Mu riƙa sa wancan a tsakiyar kiɗa don albarka."

"Kuka na gaske," Nestor ya ƙara. "Ban da fure."

"Wace ce amaryar?"

"Likitar haƙori ce. Shekararta talatin da tara. Ita da angon shekara tara suna gida ɗaya, har kare gare su."

Kalman ya zauna a kan akwatin jita. Me zai ce wa irin wannan? Za ki bar gidan uwarki? Ta bar shi tun Nestor yana makarantar firamare. Ƙuruciyarki ta wuce? Ta sani, ita ta raka ta tasha. Mace ce da ƙatti ke kwanciya a kujerarta suna hawaye, ita kuwa tana tambayar su yaya hutu. Ya hau matakala ya fita ko sallama bai yi ba, ajiyar zuciyarsa ta biyo shi daga lasifika har bakin titi.

Badhan na ƙwarai ba ya zuwa biki da hannu wofi. Sai ya bi dangi tukuna, ya sha shayinsu, ya lalubo inda ciwon gidan yake. Kalman na shirin neman gidan Lipkin sai ga Lipkin da kansa ya shigo shago ran Alhamis, riƙe da kwat ɗin biki a leda. Mai sayar da tabarau ne, siriri, mai kafaɗun mutumin da aka daɗe ana yi wa faɗa.

"Reb Kalman, a fitar mini da karin wandon nan yadda zai yanka burodi." Reb a bakinsu kamar malam ne.

"Zai yanka har nama. Zauna, uban amarya, zauna. Yaya sunan 'yar tamu?"

"Frida."

"Frida. Sunan wa ta ci?"

"Kakarta. Uwar matata." Lipkin ya cire tabarau ya murza ido. "Ita ta rene ta, mu muna shago. Duk Juma'a sai ta gasa mata 'yan zobban gurasa masu riɗi, gidan ya ɗauki ƙamshi har titi. Yarinyar ba ta barci sai a ƙafarta. Yanzu kam babu gashin, an daina." Ya girgiza kai. "Mace mai ƙarfin hali, Reb Kalman. Ba za ka gane ba. Shekara arba'in."

Ya saki ajiyar zuciya wadda ko ta akwatin Shifra ba ta kai ta ba.

Kalman bai ƙara tambayar komai ba, don a ganinsa babu sauran tambaya. A wajen su Kalman, Yahudawan da kakanninsu suka fito daga ƙasashen dusar ƙanƙara, ba a raɗa wa jariri sunan mai rai. Tsofaffi sun ce Mala'ikan Mutuwa na iya zuwa ɗaukar babba ya rikice ya ɗauki ƙarami. In ka ji yarinya ta ci sunan kakarta, to kakar ta riga mu gidan gaskiya. Da Kalman ya tsaya ya yi tunani, da ya tambayi kansa yadda matar da ta mutu kafin suna ta tashi ta yi reno har da gashin gurasa. Amma murna ba ta bar shi ya tsaya ba. Ya samu mamaciya, ya samu ƙamshi, ya samu ranar Juma'a. Ya danna ƙarfen guga, tururi ya tashi ya rufe murmushinsa, Lipkin ya ɗauka tausayi ne.

Kwana tara yana saƙa waƙar. Ya rera wa riguna, ya rera wa labulen wata mata, ya ƙona aljihun wani lauya a baiti na biyar. Shifra ta nemi ya ba ta ta gani, ya ce mai miya ba ya buɗe tukunya don 'yan leƙe. Abin da ya gaya mata kawai, ta bi shi da goge a hankali, Nestor kuma ya zauna a kan hannayensa, kada ya taɓa ganga.

Ran Lahadi da azahar, a wani zauren biki kusa da teku, rana na zubowa ta manyan tagogi kamar man zaitun. Aka zaunar da amarya. Doguwa ce, mai faɗin goshi, idanunta a bushe ƙayau kamar na mai duba takardar asibiti. Mata suka kewaye ta. A damanta akwai wata 'yar tsohuwa cikin shuɗiyar riga, ƙarama kamar tsuntsuwa, zobba cike da yatsu, ta dogara haɓarta a kan sanda. Kalman ya ɗauke ta wata gwaggo ce, irin waɗanda ba a rasawa.

Ya gyara 'yar hularsa. Gogen Shifra ya fara, siriri, kamar hayaƙin kyandir. Ya lumshe ido ya ɗauka:

Amarya, sunkuyar da kai ki saurara,
akwai baƙuwar da ba a aika wa takarda ba.
Ta taso daga inda ba dare ba rana,
ta ce wa mala'iku ku tsare mini kujera,
jikata za ta shiga rumfa, sai na je na duba.

Ya maimaita da Turanci. Zauren ya yi tsit. Masu cin zaitun suka daina tauna. Kalman ya ji shirun ya ratsa shi har ƙashi, ya ce a ransa, yau ko dutse ne sai ya tsatso. Ya ƙara murya:

Frida, Frida, mai hannun zuma,
ƙasa ta rufe ki, ƙamshin riɗinki bai rufu ba.
Mace mai haƙuri, mai sanyin magana,
wadda ko ƙuda ba ta taɓa ɗaga wa murya ba,
sauko, sauko, ki dafa kan marainiya.

Wani ya shaƙe a bayan zaure. Lipkin ne. Kalman ya ji, ya ce madalla, uban ma ya karye.

Sai wata murya ta tsaga shirun, irin muryar mai nauyin kunne da ke zaton raɗa take yi.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Mama," in ji uwar amarya, fuskarta kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Na ji ya ce Frida. Wace Fridar?"

"Mama, don Allah."

"Ke nake tambaya. Wace Frida ƙasa ta rufe?"

Amarya ce ta sunkuya wajen kunnen tsohuwar. "Ke ce, Sito."

Kalman ya buɗe ido.

Sito. Haka mutanen Halab ke kiran kaka. Layi huɗu ne tsakanin shagonsa da unguwarsu, ya goge musu riguna sun fi dubu, kuma ya sani sarai, kamar yadda kowa a Brooklyn ya sani, cewa Yahudawan Sham ba sa jiran mutuwa. Su a wajensu girmamawa ce a raɗa wa jika sunan kaka tana zaune daram, ta karɓi jaririyar a cinya, ta ji ana kiran sunanta a tsakar gida. Sunan Lipkin ya gani, irin na mutanensu, ya tsaya a nan. Bai tambayi daga ina Lipkin ya ɗauko mata ba.

Tsohuwar ta miƙe. Ta ɗauki lokaci tana miƙewar, kowa na kallo, babu mai ƙarfin halin taimaka mata. Ta tako har gabansa, kanta bai wuce maɓallin ƙirjinsa na uku ba, ta dungure shi da sanda a ciki.

"Kai ne ka binne ni?"

"Uwa, ni dai..."

"Yaushe? Da na sani ai da na sa rigar da ta fi wannan. Mutane sun zo da yawa? Wancan ya yi kuka?" Ta nuna Lipkin da sanda ba tare da ta waiga ba. "Ko shi ya aiko ka?"

"Wallahi ban ce ta mutu ba!" Lipkin ya yi ihu daga baya. "Cewa na yi ta daina gashi! Likita ne ya hana ta tsayuwa!"

Nestor, garin toshe bakinsa, ya dafa maɓalli da gwiwar hannu. Daga lasifika huɗu na zauren ajiyar zuciyar Kalman ta sauko a kan jama'a, doguwa, mai nauyi. Oy. Oy. Oy.

Nan amarya ta fashe. Dariya ta naɗe ta gida biyu, mayafi ya zame, tana dukan hannun kujera, kwalli na gangarowa a kumatunta baƙi wuluk. Zauren gaba ɗaya ya bi ta. Kalman, duk da kunnuwansa na ci da wuta, ya hangi ruwan, ya juya wajen Shifra ya nuna mata da haɓa.

Shifra ta matso da bakinta kusa da kafaɗarsa, goge a wuya. "Ko kusa, Tsoho. Wannan dariya ce ta yi gumi."

"Ruwa ne daga ido!"

"Na gaske muka ce."

Ya tsaya. Gabansa ga tsohuwa da sanda, bayansa ga akwatin da zai gaje shi. Waƙar kwana tara ta mutu a hannunsa, ita kam da gaske. Ya dubi amarya, ya ga tana dariyar ne amma ta kamo gefen rigar kakarta ta riƙe gam, kamar yarinya a tsakiyar kasuwa. Ya daɗe yana kallon hannun nan.

Ya ɗaga yatsa. Nestor ya kashe akwatin. Kalman ya kama tsohuwar a hankali ya mayar da ita kujerarta, ita kuwa mamaki ya hana ta gardama. Bai lumshe ido ba wannan karon, kuma bai bi ta Yidish ba, kai tsaye ya yi da harshen da kowa zai ji, da ƙaramar murya irin wadda yake rera wa riguna:

Na shekara hamsin ina kiran mutanen lahira,
ba wanda ya taɓa amsa mini ko da tari ɗaya.
Yau na yi kira, an amsa mini da sanda.
Amarya, ga hannu nan a gefenki, taɓa,
da ɗuminsa, da zobensa, da 'yar rawarsa.
Wata rana wani zai rera abin da na rera,
ba kuwa wanda zai miƙe ya ce masa ƙarya.
Yau ba ranar ba ce. Riƙe shi da kyau, amarya.

Dariyar ba ta tsaya ba, juyewa ta yi, yadda madara ke juyewa a kan wuta ba ka ga lokacin ba. Likitar haƙori ta zame daga kujera ta durƙusa da farar rigarta a ƙasa, ta kifa fuska a cinyar tsohuwar, kafaɗunta na girgiza. Kuka take yi irin na 'yar shekara biyar, da sheshsheƙa, da majina. Uwarta ta bi. Gwaggwanni suka bi. Gogen Shifra ya ɗan karkace daga hanya, abin da bai taɓa yi ba, don mai shi ba ta ganin igiyoyin sosai.

Tsohuwar na shafa kan jikarta, idonta ƙyar a kan Kalman. "Ya isa haka, malam. Sau biyu ke nan ka kashe ni kafin a kawo abinci."

Shifra ta share hanci da bayan hannu, ta buga ƙafa sau uku. Gangunan Nestor suka faɗo kamar an zubar da kwanuka daga bene, algaita ta yi guɗa, jita ta kwarma ihu, aka ɗaga amarya aka yi rumfa da ita, tana tafe tana jan hanci.

Bayan an fasa kofi bisa al'adar ɗaurin aure an yi ta murna, Kalman ya laɓe bayan lasifika da farantin kifi. Shifra ta same shi a nan.

"Kana nan, Kaka. Minti goma sha biyar ɗinka na nan."

"Ashirin."

"Sha biyar. Kuma daga yau duk wanda za ka kira daga lahira, sai ka kawo mini shaidu biyu da suka ga an rufe shi."

"Ke yarinya ce. Duk abin nan da kika gani, haka na tsara shi tun farko."

"Kunnuwanka har yanzu jajaye ne, Tsoho."

Sai ya ji sanda na ƙwanƙwasa lasifikar. Sito Frida ce, ta jawo Lipkin da hannun kwat, karin wandonsa na nan tsaye kamar wuƙa, shi kuwa duk ya yamutse.

"Kai, mai binne mutane. Wajen nan da ka ce mai haƙuri, mai sanyin magana, ban ji shi da kyau ba." Ta zaunar da surukinta a kujera ta danna masa kafaɗa. "Shekara arba'in ina gidan wannan, ko sau ɗaya bai faɗa ba. Maimaita masa. Daga farko, har da wajen mala'iku. Kuma ka ɗaga murya."

Kalman ya ajiye farantin, ya goge yatsunsa, ya gyara hula.